Haruffa Uku

A jirgin ruwan safe mai tsallaka Bosforus,
Sevgül na riƙe da shayi a hagu,
babban yatsan dama na aikin ofis.
Ta koya wa wayarta dabara:
haruffa uku kawai,
sai jimla ta warware kamar ƙullin zare:
"Mun samu saƙonku, za mu duba."
Kafin a hango gaɓar Kadıköy
imel goma sun tafi.

Na sha ɗaya daga mahaifinta ne, can Aydın:
"Ɓauren da uwarki ta dasa ya yi 'ya'ya bana."
Yatsa ya riga zuciya.
Mun samu saƙonku, za mu…

Ta goge.
Shayi ya huce, fasinjoji sun watse.
Tana nan zaune,
tana lalubo amsa harafi bayan harafi.