Inda Layin Dogo Ya Ƙare

A Ƙauran Namoda layin dogo ya ƙare.
Ina zato kuɗin bincike ma
a hanya suke gajiya kafin su iso.

Ɗakina yana bayan asibiti,
tsakanin wurin awon ciki da ma'ajiyar tsintsiya.
Benci guda, fanka mai tari,
da littafi mai baƙin bango da na saya da kuɗina
wata ranar kasuwa.
Shekara bakwai ina cika shi.

Shafi na tara, Inna Tumba:
"Ba ciwon kai ba ne, ɗiyata,
wani abu ne ke yawo ƙarƙashin fata
kamar kiyashi sun sami zuma."
Shafi na arba'in, Shekarau mai ɗinkin buhu,
wanda ƙarar babur ke tura shi bayan rumbu
ko da ɗansa ne ya dawo daga cefane.
Shafi na ɗari da biyu babu suna.
Sau uku ta zo, ba ta ce uffan ba,
ta dai gyara mini zaman kujera ta tafi.

An aiko mana takardar tambayoyi daga ƙetare,
kowace tambaya da akwatinta.
"Sau nawa cikin mako biyu
ka ji ba ka sha'awar komai?"
Na karanta wa Bawa, ya dube ni:
"Malama, sha'awa ta mai ƙoshi ce.
Tambaye ni yaushe rabona da barci
tun daren da aka kore shanun."
Na nemi akwatin da zan sa wannan, ban samu ba.
Na rubuta a gefe, da fensir.

Dakta Mainasara ne ya fara koya mini
yadda ake mai da kuka ƙidaya
ba tare da an zubar da hawayen ba.
Darasi huɗu muka yi, a bayan katin magani.
Kafin na biyar biza ta fito.
Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya,
albashi kuwa ɗiban ruwa ne da kwando.
Yanzu yakan turo gaisuwa da Sallah.

Bara na ji an buɗe neman tallafi.
Na hau mota zuwa Gusau don intanet.
Shafi ashirin da shida, Turanci mai ƙashi.
Suka ce kawo jerin binciken da kika wallafa,
suka ce kawo sunan farfesan da ya tsaya miki.
Ashe mai rijiya kaɗai ake ba guga.
Saura layi biyu wuta ta ɗauke,
mai shago ya ce man janareto ya ƙare,
agogonsu kuma ba ya jiran la'asar ɗinmu.

Abin da na roƙa bai kai kuɗin fentin ofishinsu ba:
man da zai zaga da ni ƙauye goma sha biyu,
na'urar ɗaukar murya,
yara biyu daga makarantar jinya
a koya musu tambaya, a koya musu yin shiru,
sai wanda zai zauna da ni wata shida
ya nuna mini inda lissafina ya karkace.

Sun ce babu alƙaluma daga wajenmu.
Haka ne.
Wanda ba a ƙirga ba, ba a aza tukunya da shi.
Amma ga alƙaluman nan a benci,
sun tuɓe takalma a bakin ƙofa, suna jiran a kira su.

Jiya na ga gara ta fara cin bangon littafin.
Na kakkaɓe, na sa shi a leda,
na ɗora bisa kabad.
Da safe Inna Tumba ta dawo,
ta ce kiyashin sun ragu,
sai dai sun koma ƙirji.
Na sauko da shi, na buɗe sabon shafi,
na rubuta kwanan wata.