Inda Dogo Ya Ƙare

A Ngaundare dogo ya ƙare.
Ƙarfe biyu sun taso tun daga kudu, sun gaji,
sun kwanta bayan tasha, ciyawa ta rufa musu asiri.
Ni kuwa in na kulle shagon gyaran waya
sai in tashi tsohuwar kwamfutata daga barci
in ci gaba da ja musu hanya.

Na gangaro da su daga kan tsauni, a allo,
na ratsa Mbe, na miƙi Garwa,
ba lebura, ba diga, ba ɗigon gumi,
sai ciwon wuya da shayin da ya huce.
Shimfiɗa ƙarfe wasan yara ne.
Aiki yana inda za ka ce wa jirgi: tsaya.

Baffa Hamajoda na zaune a bayana yana ɓarar gyaɗa.
Shekara ashirin da bakwai ya yi yana sauke sanda
a wata mararraba da ko suna ba ta da shi.
Bai san linzamin kwamfuta ba,
ya ce dai ɓera ne aka ɗaure wa wutsiya.

Amma da na dasa sigina a ƙugun kwana
sai ya buga mini ɓawon gyaɗa a ƙeya.
"Wa ka kunna wa wannan jar wuta, aljanu?
Direba zai gan ta ne bayan ya taka ta.
Fito da ita fili, sare wannan kaɗanyar,
ko ka tura mata 'yar saƙo a gaba,
mai ruwan ɗorawa, ta ce masa yayarta na tafe.
Birkin jirgi ba birkin babur ba ne.
A gangara kuma ninka tazarar,
nauyi ba ya jin magiya."

Na ja ta baya. Na sare bishiyar da yatsa ɗaya.

"Yanzu ƙirga taragu.
Talatin? To auna daga jar wutar zuwa titi.
In kai ya tsaya, jela ta tare mararraba,
ka ɗaure kasuwa kenan:
motar auduga, mai naƙuda, garken da zai sha ruwa,
duk suna tsine maka ta ƙarƙashin tayar ƙarfe.
Ka san tsawon abu kafin ka ba shi shimfiɗa,
ko baƙo ne, ko jirgin kaya."

Sai muka zo kan ƙararrawa.
Akwai ɗan tabo da ake ɓoyewa a jikin dogo,
jirgi na takawa, can gaba sanda ta sauka.
Na sa shi mita ɗari uku, na saki jirgi.
Wani amalanken shanu da na ajiye don ado
ya shigo a hankali, irin tafiyar shanu,
jirgi ya bi ta cikinsa kamar hayaƙi,
ba ƙara, ba jini,
allo bai ma san an yi komai ba,
ya ci gaba da tafiya.

Gyaɗa ta daina ƙara a bayana.

"Mayar da tabon baya," in ji shi. "Ƙara. Ƙara dai."
Na kai shi ɗari takwas.
Ƙararrawa ta kaɗa tun jirgi na bayan tudu,
sanda ta sauka, shanu suka tsaya suna kaɗa kunne,
taragu talatin suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

"Sake."
Na sake.
"Sake mini."
Sau biyar muka tsayar da amalanken nan.
Ban tambaye shi wace shekara ba ce,
ko wane ne ke riƙe da igiya.

Da wuta ta ɗauke, ya miƙe yana laluben takalmi.
Ya ce, "Abin naku yana da maɓallin komawa."
Ya tsaya a bakin ƙofa.
Daga tasha jirgin dare na gaske ya yi kuka,
ya juya kudu, don can kaɗai ya sani.
"Gobe," ya ce, "ka sa ɗan ɗaki a gefen sandar,
da mutum a tsaye, fitila a hannu.
Kada ka ba shi kujera.
Sai da safe. Mu kwana lafiya."