Ganyen da Ke Kan Jaka

A bakin Ƙofar Marusa nake dukanci,
shekara ashirin da uku kan buzu guda.
Ran wata Talata sai ga su, su biyu,
jajaye kamar yanzu aka tsamo su daga tanda,
kowa ya goyo jakar da ta fi shi tsawo,
sai ka ce kunkuru ya koyi tafiya a tsaye.

Bara'u mai shayi ya ce matsiyata ne:
Bature mai abin hannu ba ya taka ƙasa da rana tsaka.
Lantana mai fura ta ce a'a, ƙoshi ne,
sai wanda katifa ta gundura yake marmarin tabarma.
Hambali, da ya taɓa yin ɗan sanda aka sallame shi,
ya ce leƙen asiri suka zo,
ku dubi yadda suke rubuta komai,
har kuɗin ƙosai.

Macen ta ce sunanta Tara.
Nan take yara suka raɗa wa namijin Goma.

Goma ya sauke kayansa gabana, maratayi ya tsinke.
Na ɗinke.
Sai ya zaro wani ƙyalle daga aljihu,
bai kai tafin jariri ba,
ja, fari, ja, da ganye a tsakiya,
ya nuna mini da yatsa: nan, inda kowa zai gani.

Musu ya kaure a kan ganyen.
Wani ya ce zurma, Lantana ta ce kuɓewa,
Hambali ya rantse wiwi ne.
Tara ta yi dariya, ta dafa ƙirji, ta ce Kanada.
Na duba tata jakar, babu ƙyalle ko ɗaya.

Da na zazzage tasa don allura ta sami hanya,
sai fasfo ya faɗo kan cinyata,
shuɗi, da gaggafa ta buɗe fiffike.
Na san tsuntsuwar nan,
na sha ganinta a hannun 'yan canji.
Ya ga na gani.
Ya yi yaƙe, kunnuwansa suka ƙara ja.

Yaron da ke yi musu tafinta ya ce, wai ya ce:
in ya faɗi sunan ƙasarsa
sai a tuhume shi da yaƙin da bai je ba,
a ninka masa kuɗin mota,
ko a bi shi har masauki ana roƙon biza.
Shi kuwa ɗan mai gyaran famfo ne,
rani biyu ya yi yana wanke kwanoni ya tara na hanya.

Ban ce komai ba, na lashi zare.
Na tuna Sabha, shekarar da na tafi ci-rani,
koren fasfona a ƙasan takalmi, ni na ɗinke shi da hannuna.
In Balarabe ya ce ɗan ina ne,
sai in ce Maraɗi.
Na koyi ƙirga kuɗi da jikka,
na ce lakkwal inda uwata ta koya mini makaranta.
Wata goma sha huɗu ina aron garin mutane
don a bar ni in ɗauki bulo lafiya.

Na ruɓanya masa zare, na bi gefen ƙyallen sau biyu,
na karɓi abin da zan karɓa a hannun Rabe maƙwabcina.

Suka miƙe, suka nufi Gobarau,
ganyen na rangaji a bayansa,
yara na binsu, Bature, Bature,
ba wanda ya tambaya na wace ƙasa.

Har yau Lantana na cewa kuɓewa ce.