Idon Fijo

Fijon nan tawa ta girmi ɗana na fari.
Da rana ba ta jin kunyar kowa a Kwangila,
amma magariba na yi sai ta koma lalube,
fitilunta kamar aci-balbal da mai ya ƙare mata.
Sau uku ina faɗawa rami tsakanin Samaru da PZ,
rami ɗaya, wanda na sani tun bara.

Na kai ta wurin Sallau mai wayarin a Sabon Gari.
Bai ko buɗe bonet ba,
ya shafa gilashin da yatsa, ya ce, "Yana ce ta rufe shi."
Ya aiki yaro ya sayo man goge baki,
ya yi ta dirza da tsumma har gumi ya jiƙa masa taguwa.
Ya bi waya, ya kankare tsatsa inda ta kama ƙarfe,
ya sauya ƙwai biyu,
sannan ya juya hancinta ga bangon shago
yana murɗa sukuru har hasken ya sauko daidai gwiwa,
"kada ka makantar da masu tahowa."

Daren nan na ɗauki Barira, muka nufi Tudun Wada.
Ta ce, "Kai! Ko allura ce ka tsince ta."
Na yi shiru.
Dishi-dishin jiya nake gani,
kowace fitila da zobenta.

Sallau ya ci halaliyarsa.
Ran Litinin zan bi layin masu ciwon ido a Shika.
Barira za ta tuƙa.