Zaren da Ke Bakin Ƙusa

Valparaíso, daren Talata.
Iskar teku na hawa tudu kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa,
ni ma na hau, matakala ɗari da goma sha bakwai,
da jakata: hantsaki, ambulan, tocila, salatif.

Shagon Eleuterio mai gyaran agogo.
Agogo arba'in a bango, kowanne da tasa ƙaryar,
mai su kwance a gindin bene, ya gama magana.
Sufeto ya ce, "Ximena, yi sauri,
mun riga mun kama yaron shago,
unguwa duk ta ce shi ne."
Na ce unguwa bakinta ba ya gajiya,
ni ɗakin nan na zo tambaya.

Na sa safar hannu, na ɗaure gashina,
na kashe fitila, na kwantar da tocila a ƙasa,
don haske in ya zo ta gefe
ko ƙwayar yashi sai ta yi inuwa.
Na durƙusa kamar mai neman allura.

Ɗaki ɗan kasuwa ne, ba ya kyauta.
Ka shiga ya karɓa, ka fita ya ba ka canji,
ko ka ƙirga, ko ba ka ƙirga ba.

A bakin wata ƙusa, jikin ƙyaure,
koren zaren ulu, bai kai gashin ido ba.
Ƙarƙashin farcen mamaci, ɓarɓashin fenti.
Kan tabarmar ƙofa, ɓawon kifi ƙwaya ɗaya,
sai garin gilashi inda fuskar agogo ta fashe.
Kowanne da ambulan ɗinsa, da lamba, da sa'a, da sa hannuna.

Mako uku ina sunkuye kan madubin bincike.
Zaren ya zama igiyar jirgi a idona,
fentin ya buɗe kamar littafi:
ja a ƙasa, fari a tsakiya, shuɗi a sama,
irin shafin da masunta ke yi wa kwalekwale
shekara bisa shekara.

Rigar Nahuel, yaron shago, ta leda ce.
A takalminsa garin tagulla kawai, da man agogo.
Bai taɓa hawa ruwa ba, amai yake ko a gada.

Akwai wani gashi dogo, baƙi,
kwana tara ina lallaɓa shi kamar jinjiri,
ashe nawa ne.
Na rubuta haka a rahoto, kunya na cin fuskata.
Ni ma ɗakin ya karɓi nasa.

Sai Baltasar, ɗan ƙanwar mamaci,
wanda ya ɗauki akwatin gawa ta gaba,
wanda kukansa ya kai har tashar jirgi.
Kwalekwalensa shuɗi ne. Na kankare kaɗan:
fari, sannan ja.
Rigar sanyinsa kore, da ɗan yagewa a gwiwar hannu.
Ya wanke ta sau biyu, sabulu ya yi iyakar yinsa,
amma naɗin ƙafar wando ya riƙe gilashi bakwai,
suna karya haske yadda fuskar agogon ke karyawa.

A kotu lauya ya nuna ni da alƙalami:
"Kina cewa shi ya kashe?"
Na ce zare bai san kalmar kisa ba.
Abin da ya iya faɗi kaɗan ne:
na taɓa nan, nan ya taɓa ni.
Sauran aikin alƙali ne.

Jiya na bi ta shagon.
Nahuel na bisa kujera yana ɗaura agogo,
ɗaya bayan ɗaya, ya sa su bakin magana ɗaya.
Bai san ni ba. Ban tsaya ba.

A ƙofar gidana na kakkaɓe kwat,
wani abu ya sauka a hankali cikin hasken yamma,
ban san na wane ne ba.