Lamba Goma Sha Bakwai

A Duluth ni ke goge ƙanƙara in an tashi wasa.
Shekara sha ɗaya ina share rubutun takalminta,
ban iya karanta shi ba.

Maren Kostiuk, 'yar Manitoba,
ta iso da sandar yayanta da aka rage wa tsawo.
Da rana awon magani a kanti,
da dare bin baƙin faifai kamar mai bin bashi.
Haƙora biyu ta bari nan. Gwiwar hagu ta bi su.

Jiya wasan ƙarshe. Ba ta ci ba.
Da aka watse, ta zagaya fili sau ɗaya, a hankali.

Na kashe injina.
Bari layin nan ya kwana.