Noti Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina Bagalam,
rumfata na kallon masu tuyar ƙuli-ƙuli,
ina buɗe cikin rediyo kamar mahauci,
sai dai ni in na gama, dabbar takan yi magana.

Noti huɗu. Ka kwance su, ga hanji, ga huhu,
ga taswira manne a bayan murfi,
wanda ban sani ba ya zana ta
don wanda bai sani ba.
Na yanzu kuwa a liƙe suke zuwa,
in sun mutu sai juji,
ba wanka, ba sutura.

Waƙoƙina na cikin littafin rasit,
a bayan sunayen masu bashi.
Shekarar da Gulbi ya yi ambaliya gara ta shiga akwati,
ta cinye baitoci, ta bar mini bashin.

Sahura ce, ɗiyar ƙanena,
ta zo daga jami'a da tsohuwar kwamfuta,
an ɗaure gefenta da roba
kamar jar akuyar da ta karye a ƙafa.
Ta ce, Baffa, kawo littafin,
yau za mu gina musu ɗaki inda gara ba ta zuwa.

Na ce, jikka nawa kayan ginin?
Ta ce, ko dala.
Na ce, banza ba ta kai zomo kasuwa.
Ta ce, ba banza ba ce, gayya ce.
Wani ya haƙa rijiya a bakin hanya,
wani ya kawo guga, wani ya ƙulla igiya,
in ta tsinke a hannunka, kai ne mai ƙullawa.
Sai ta danna wani wuri, fuskar allon ta kau,
rubutu ya zubo layi-layi kamar kunyar gyaɗa.
Na gyara tabarau. Ban iya karanta ko ɗaya ba,
amma na san cikin abu in na gan shi a buɗe.

Daren farko muka sha kunya.
Na ce ƙasa, allo ya ce kasa.
Na ce ɓari, ya ce bari.
Ɗana ya zama dana,
ƴaƴa kuwa akwatuna biyu ne babu kowa ciki.
Duk harafin da ke da lanƙwasa
an tsare shi a ƙofa kamar kaya a Ɗan Isa.

Sahura ba ta yi fushi ba, ta nemi shayi.
Kuran ya ɗauke, muka jona batirin mota.
Har kiran assalatu tana tono,
sai ga ƙ ta fito da ƙugiyarta,
ga ɗ, ga ɓ, kowace da hularta a karkace
kamar ƴan kasuwa ranar Juma'a.

Da ta ce za ta mayar da gyaran inda ta ɗauko,
kowa ya ɗiba,
na ce, ke, wahalar dare guda?
Ta ɗaga murfin wata tsohuwar rediyo,
ta nuna mini taswira. Na yi shiru.

Yanzu baiti arba'in da bakwai na can,
baƙi a kan fari, ba talla, ba mai gadi,
shafi marar nauyi da ko ƙaramar waya ke ɗauka.
Wani direba, Tsahiru, ya aiko daga Kwatano,
wai a waƙar damina na sa gero ya nuna kafin wake ya yi fure,
a gonar ubansa ba haka ake ba.

Kwana biyu ina jin haushinsa.
A na uku na ce wa Sahura,
kwance notin nan,
mutumin yana da gaskiya.